Na gwada Liqui Moly Super Diesel Additive a Hilux dina

Gaskiya da farko ban yarda da wadannan magungunan da ake zubawa a tankin gas ba, gani nake cin kudi ne kawai. To sai motata ta fara fitar da bakin hayaki, da safe sai ta yi ta kakari kafin ta tashi, bayan na sha man 'yan bumburutu a hanya sau biyu (laifina ne wannan). Bakanike ya ce nozul (masu fesa mai cikin inji) ne suka yi datti, in fara gwada wannan kafin a kwance su.

Maganin dan Jamus ne, gwangwani 250ml, ana zuba shi a lita 75 na gas. Na juye kafin in cika tanki don ya gauraya sosai. A tanki na biyu hayakin ya ragu kwarai, karar injin ma ta yi laushi. Shan mai kam ban ga wani canji ba.

Amma fa in nozul ya riga ya mutu ko ruwa ya shiga tanki ba abin da zai maka, canja filta ka zubar da ruwan tukuna. Kuma wanda aka rubuta anti-gel (mai hana gas daskarewa) bar musu, na kasashen kankara ne, ko hunturun Jos bai kai nan ba.