Sun haɗa mana Odoo da shafinmu na X, abin ya yi daɗi har ranar da ya tona asirin masu bashi

Abokan kasuwa sun dame ni da tambaya kan yadda ta kaya da aikin nan da aka yi mana na haɗa manhajar lissafinmu da shafinmu na X (Twitter a da), to ga amsa gaba ɗaya. Mu sarin kayan masarufi muke yi, shago a Singa, sito a Sharaɗa, kuma Odoo, wata manhajar tafiyar da kasuwanci, muke amfani da shi wajen lissafin kaya da rasit da bashi. Damuwarmu ita ce kaya za su sauka sito akawu ya shigar a kwamfuta amma yaran shago ba su sani ba, kwastoma ya zo neman taliya a ce masa babu alhali katan-katan na can jibge. Guruf ɗin WhatsApp kuwa kun san halinsa, barka da Juma'a, katin ɗaurin aure, bidiyon wa'azi, saƙon aiki ya nutse a ƙasa.

Wasu samari ne masu ƙaramin kamfanin manhaja suka karɓi aikin, ba zan faɗi sunansu ba. Sun kafa mana Mastodon, wato dandalin saƙonni irin X, namu na cikin gida, rufaffe, ma'aikata kaɗai ke shiga, suka ɗaura shi da Odoo ta yadda da zarar an tabbatar da shigar kaya saƙo zai fito da kansa, kaza ya sauka, katan nawa, sito kaza. Sannan hanya ta biyu mai zuwa X don kwastomomi su ga sabon kaya ya iso. Gaskiya ɓangaren cikin gidan nan ya burge ni wallahi. Direba zai rubuta na wuce Zariya ya sa lambar oda, saƙon ya je ya manne a jikin odar a Odoo, maigida na zaune yana gani bai kira kowa ba. Har sai da na ji ashe dama manyan kamfanoni sun daɗe a kan wannan, irin wannan dandalin na ma'aikata mai suna Yammer tun 2008 ya fito, Microsoft ya saye shi a 2012 kan dala biliyan 1.2, Salesforce ma yana da nasa Chatter tun 2010, mu ne dai kuɗin dala kan kowane ma'aikaci ya hana mu leƙawa. Da a lokacin na yi wannan rubutun da tauraro biyar zan ba su ban ko yi tunani ba.

Sai maigida ya ce a ƙara masa abu ɗaya, duk ƙarshen wata a riƙa turo masa jerin waɗanda ake bi bashi, shi da akawu kawai, ba kowa ba. Suka ce ai wannan ƙaramin aiki ne ranka ya daɗe. Suka yi, suka ce an gama.

Ƙarshen wata da asuba jerin ya fita, amma ba maigida kaɗai ya je wa ba, har X ya tafi, a fili, shafin da duk ɗan kasuwar da ke bin mu yake gani. Kuma abin takaicin, da yake X haruffa 280 yake ɗauka a saƙo ɗaya a shafin da ba na biyan kuɗi ba, manhajar tasu mai wayo sai ta yanka jerin ta jera shi saƙo bayan saƙo tsaf-tsaf, suna, adadin kuɗi, ranar da aka ɗauki kaya, babu abin da ta rage. Ni ban ma gani ba sai da maigida ya kira ni muryarsa na rawa, wai wani Alhaji da suka fi shekara ashirin suna hulɗa ya buga masa waya yana cewa Alhaji me na yi maka da za ka kai ni kasuwar duniya? Mutumin nan dattijo ne mai rufin asiri, bashin ma ba wai ya ƙi biya ba ne, al'ada ce kawai ya ɗauki kaya ya sayar ya kawo. Kowa a Singa da bashi yake juyawa, amma ba wanda yake so a karanta nasa a bakin layi.

Na kira samarin nan, waya na ta ringin ba a ɗauka. Na tura saƙo, amsar da ta dawo ita ce muna dubawa yallaɓai. Dubawa! Ni da kaina na shiga saitin X na cire wa manhajar izini sannan na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya ina gogewa, to amma me, an riga an yi sikirinshot, kafin azahar yana yawo a guruf-guruf na 'yan kasuwa har da masu sa alamar dariya. Bakin alƙalami ya bushe. Maigida ranar bai zauna a shago ba, gida-gida ya bi yana ba da haƙuri, ni kuma ina biye da shi a mota ba mai ce wa wani uffan.

Da suka bayyana daga baya, bayaninsu shi ne wai duk sabon nau'in saƙo da aka ƙara, in ba a zaɓa masa hanya ba, to ta kowace hanya yake fita, kuma ba su gwada ba kafin su sake shi. Wato tsarin nasu in an manta sai ya buɗe ƙofa maimakon ya rufe. Na ce musu Malam kun san akwai dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a Najeriya a 2023? Da ɗaya daga cikin mutanen nan ya so kai ƙara, sunanmu ne a shafin ba naku ba. Suka yi shiru, ɗayan ya ce in sha Allah ba za a sake ba.

Tunda na fara ma bari in faɗi na kuɗin. Tun 2023 X ya mayar da ƙofar da manhajoji ke shiga ta kuɗi, a lokacin ƙaramin tsarin dala 100 ne a wata, wannan ba laifinsu ba ne na yarda, sun ce sai da shi za a riƙa jawo amsoshin kwastomomi cikin Odoo. Amma ba su faɗa mana tun farko cewa kuɗin a kanmu yake ba kuma da dala, sai da takardar biya ta zo, ga naira kullum tana zamewa. Kuma amsoshin da ake jawowan yawanci nawa ne buhu, nawa ne katan, abin da yaron shago zai amsa a waya kyauta.

Yanzu dai mun yanke hanyar X gaba ɗaya, in kaya sun zo ni nake rubutawa da hannuna. Mastodon ɗin cikin gida muna nan da shi don direbobi sun saba kuma gaskiya yana aiki, ba zan yi musu ƙarya ba, shi ya sa nake ba su tauraro biyu ba ɗaya ba. Alhajin nan ya aiko yaronsa da kuɗin cif-cif a satin, tun daga nan bai ƙara ɗaukar ko katan ɗaya a wajenmu ba. Na nemi su sa mana maɓallin da sai mutum ya duba ya amince kafin komai ya fita waje, suka turo min farashi, wai sabon aiki ne.