Katanga mai kyau, amma masu ita ba su san Lahadi ranar aiki ce a nan ba

Gaskiya ɗaya ce, katangar tsaron nan tana aiki. Ni nake kula da kwamfutocin wani kamfani da ke dafa wa alhazai da masu Umara abinci a Makka. Kicin ɗinmu yana wajen Shara Mansur, ofishin lissafi yana Jidda, manhajar lissafi da ta fatura kuwa suna kan saba a gajimare, wato kwamfutar da muke haya ta intanet. Ita katangar ba akwati ba ce da za ka ɗauka a hannu, kwamfuta ce ta haya da ke zaune a gaban sabar, duk abin da zai shiga ko zai fita sai ya bi ta cikinta. Ita ta haɗa Makka da Jidda ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa mai tsaro a cikin intanet, kuma tun da muka ɗora ta ba ta taɓa hana ni barci ba. Da a watan jiya aka tambaye ni, da na ce a saya ido rufe.

Sai saƙo ya zo daga kamfanin masu katangar cewa sigar da muke kai za a daina yi mata gyaran tsaro. Na zaɓi Sha'aban, don kowa ya san da azumi ya kama ba mai taɓa komai a Makka, tukwane ba sa sauka daga wuta. Na kuma zaɓi daren Juma'a bayan Isha, saboda Asabar ofis a rufe yake.

Takardar bayaninsu ta ce wannan karon ba a sabuntawa a kan tsohuwar, domin tsarin faifan ya canza. Sai dai ka tayar da sabuwa a gefe, ka kwashe saitin tsohuwar ka zuba mata, sannan ka mayar da adireshin IP, wato lambar da ake samun na'ura da ita a intanet, kanta. Na ɗauki hoton faifan tsohuwar, wato kwafin duk abin da ke cikinsa, na ajiye, na bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Wannan ɓangaren ya burge ni ƙwarai. Ƙa'idojin shiga da fita duk suka dawo yadda suke, ko ɗaya bai ɓata ba, shafin sarrafawa ma ya fi na da sauri nesa ba kusa ba.

A kan lasisi aka yi ta. Lasisinsu a ɗaure yake da lambar shaidar kwamfutar da aka sa shi, sabuwar kuma da tata lambar ta zo. Umarninsu shi ne ka cire shi daga tsohuwar tukuna, sannan ka sa a sabuwar. Cirewa ta tafi lami lafiya. Da na zo sawa, sai jan rubutu: wai ana amfani da wannan lasisin a wata na'ura. Wace na'ura? Na koma tsohuwar in mayar mata da abinta, ita ma ta ƙi karɓa. Ga katanga biyu a kunne, ba wadda ke barin komai ya wuce. Hoton faifan da na ajiye bai tsinana mini komai ba, domin maganar lasisi ba a faifaina take ba, tana can a sabarsu. Wannan bai kamata a ɓoye shi ba. Takardar ta cika shafi da gargaɗin a ɗauki hoton faifai, amma ko layi ɗaya babu da ya ce da zarar ka cire lasisi ka rufe wa kanka hanyar komawa.

Na buɗe tikitin neman taimako a daren. Amsar inji ce ta dawo: za a duba a ranar aiki ta gaba, wato Litinin. A nan raina ya ɓaci. Tun 2013 Saudiyya ta mayar da hutun mako Juma'a da Asabar, Lahadi da safe kowa yana bakin aiki. Suna karɓar riyal ɗinmu, suna da dillali a ƙasar nan, amma kalandarsu ta Turai ce. Dillalin da ya sayar mana ya ɗauki waya, ba laifi, ya yi ta ba da haƙuri, sai dai shi ma ba shi da ikon sakin lasisi. Tikiti zai buɗe kamar yadda na buɗe.

Wanda ba ya kasuwanci a nan zai ce ai kwana biyu ne. To, tun da mataki na biyu na tsarin Fatoora, wato tsarin fatura ta intanet na Saudiyya, ya fara a watan Janairun 2023, duk kamfanin da aka shigar sai manhajarsa ta yi magana da ZATCA, hukumar zakka da haraji da kwastan, kai tsaye. Faturar da za ka ba wani kamfani sai ta je an tantance ta kafin ka miƙa, ta mai saye ɗaya ɗaya kuwa sa'o'i 24 gare ka ka kai rahotonta. Mu da otal-otal muke hulɗa. Idan saba ba ta fita intanet, abinci zai tafi amma fatura ba za ta fita ba, otal kuma ba ya biya sai da ita.

Asabar da hantsi maigida ya kira. "Malam, an ce yaran Jidda sun gwada shiga daga gida abin ya ƙi. Gobe fa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, gobe za a yi aiki in sha Allahu, amma sai an ƙara kashe kuɗi." Ya ɗan yi shiru, ya ce in yi abin da ya dace.

Abin da ya fitar da mu shi ne irin katangar da ake biya a sa'a, wadda lasisinta ke cikin kuɗin hayar. Na tayar da ta uku, na zuba mata saitin, na ɗora adireshin IP, nan take VPN ya kama. Lahadi da safe fatura ta fita kamar ba abin da ya faru. Amma fa biya biyu muka yi a kan abu ɗaya: na shekara da muka riga muka biya yana kwance, na sa'a kuma yana tafiya.

Ranar Litinin da yamma wata ma'aikaciyarsu ta saki lasisin, aikin da bai ɗauke ta komai ba. Ta yi magana da ladabi, ta ce matsalar daga wajensu take. Na tambaye ta me ya hana su sa maɓallin sakin lasisi a shafin mai saye, ta ce za ta isar da shawarar. Batun mayar mana da kuɗin sa'o'in nan kuwa, ta ce in bi ta dillali, dillali ya ce sai sun amsa masa.

Yanzu sabuwar sigar tana tafiya lafiya, ba zan yi mata ƙazafi ba. Amma duk wanda zai yi wannan sabuntawar a Saudiyya, ya yi ta Litinin ko Talata da dare, lokacin da akwai mutum a ofishinsu, kuma kada ya cire lasisi sai ya samu tabbaci a rubuce cewa za a sake shi a ranar. Kwangilarmu za ta ƙare bayan Hajji, na riga na gaya wa maigida ba zan sa hannu a sabunta ta ba sai an rubuta taimakon ranar Lahadi a ciki.