Gargaɗi ga masu neman jif ta hannu: tambarin 4WD manna shi ake yi

Jama'a, abin da ya same ni zan faɗa muku, don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Na daɗe ina tara kuɗi in sayi jif da za ta ɗauke ni da iyali. Garinmu da damina ƙaramar mota ba ta shiga, sai a ajiye ta a bakin titi a hau babur, ga Hajiyarmu ƙafa ta ƙi. Yara kuma tun bara na yi musu alkawarin Yankari, su ga giwaye su yi wanka a Wikki. A Facebook na ga tallar Toyota Highlander ƙirar 2008, 'yar Beljiyom, an rubuta 4WD da manyan baƙaƙe, wato mai ja da ƙafa huɗu, kuɗinta kuma bai kai na sauran da na taya ba. Da na je, dillalin ya zagaya da ni baya ya nuna mini tambarin a jikin but yana ta sheƙi. Na ce bari in kira bakanikena. Sai ya ce, "Alhaji, wani ya taso daga Zariya da kuɗinsa a hannu, in ba ka ajiye kafin alƙalami yanzu ba, ba ruwana." Na ajiye, washegari na cika. Gwajin da muka yi duk a kan kwalta ne, a kwalta kuwa ba ka taɓa ganewa.

Bayan mako 3 muka nufi gida. A mashigin rafi mota ta kafe a yashi. Na sauko na sa ƙanena ya taka, tayoyin gaba suna ta juyi suna watsa yashi, na baya ko motsi. Hajiya na ta salati, ƙaramar 'yata na kuka, har magariba sannan samarin ƙauyen suka ciro mu.

Da na dawo, bakanikena ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashinta. Bai yi minti ɗaya ba ya fito yana karkaɗe riga. "Yallaɓai, wannan ai ba ta da farfela, tun daga kamfani haka ta fito." Farfela ita ce dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya. Ya sa farce ya ɓamɓaro tambarin, ga busasshen gam a bayansa.

Highlander ɗin wannan shekarar iri biyu ake yi wa kasuwar Amurka: mai ja da gaba kawai, da mai ja da ƙafa huɗu. Daga waje kamarsu ɗaya, kuɗinsu ne ba ɗaya ba, a nan macutan suke ci. Akwai wata cutar kuma da bakanikena ya ce yana yawan gani a Honda CR-V da Toyota RAV4. Motar asalinta mai ƙafa huɗu ce, amma idan aksul ɗin baya ya fara kuka, maimakon a gyara sai a kwance farfelar a jefar, a sayar maka a haka.

Don Allah, kada ka ba da ko sisi sai bakanikenka, ba na dillali ba, ya shiga ƙarƙashi. Dole a ga doguwar farfela ta taso daga wajen giya ta haɗe da aksul a tsakanin tayoyin baya. Ka ɗauki hoton lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofarsa. Ka tabbata ita ce a takardun kwastam, sannan ka sa ta a intanet ka ga yadda kamfani ya ƙera motar. Ka kai ta wurin yashi, wani ya tsaya a waje yana kallon tayoyin baya. Kuma a rubuta 4WD a cikin rasit a gaban shaidu. Tawa ba a rubuta ba, shi ya sa da na koma mutumin ya buɗe hannu ya ce haka aka kawo masa ita, kuma na gani da idona na saya.

Yanzu magana tana hannun shugaban dillalan wurin, an sa mana zama ranar Asabar. Jiya da dare na sake duba shafin dillalin a Facebook, ya ɗora wata baƙar Highlander, an ɗauki hoton but ɗin daga kusa yadda tambarin zai fito sosai. Duk wanda ya san ɗan'uwansa na neman jif, ya tura masa wannan tun bai ajiye kuɗi ba.