Perma Blue: ruwan baƙanta ƙarfe na faci ne, ba ya maye gurbin maƙeri

Perma Blue na kamfanin Birchwood Casey da ke Amurka ruwa ne da ake shafa wa ƙarfe ya yi baƙi mai ɗan shuɗi ba tare da an sa shi a wuta ba. Kwalbarsa ƙarama ce, kimanin mililita 90. Masu gyaran bindiga da masu ƙera wuƙa suna yawan sayensa, musamman da yake masu iya baƙanta ƙarfe ta tsohuwar hanya sun yi ƙaranci.

Aikinsa ba wuya. A goge tsatsa da sanfefa mai laushi, a wanke maiƙo tas, a shafa ruwan da auduga, a bar shi kamar minti 1, a ɗauraye da ruwan sanyi, a tsane, a goge da soson ƙarfe mai laushi. A maimaita sau 2 ko 3, sannan a shafa mai a bar shi ya kwana. Wankin maiƙon nan shi ne rabin aikin. Yatsa ɗaya ya taɓa wurin bayan wanki, sai launin ya fito dabbare-dabbare. Shi kansa soson ƙarfe da mai yake zuwa daga masana'anta, don haka a fara wanke shi. A sa safar hannu, domin akwai sinadarin seleniyam mai guba a ciki.

Ga kan kusa mai zare da ya ƙuje, ko wurin da kube ya cinye, ya yi. A bututun bindiga gaba ɗaya kuwa ba na ba da shawara. Abin da yake bari a kan ƙarfe ɓawo ne siriri na jan ƙarfe da seleniyam, hannu na goge shi a hankali, kuma kariyarsa daga tsatsa kaɗan ce in babu mai. Ba ya kama alminiyam ko ƙarfen da ba ya tsatsa.

Ƙwararre dafa ƙarfen yake yi a tanki mai ruwan soda irin ta yin sabulu da gishirin naitiret, a zafin kusan digiri 140 na ma'aunin Celsius, fatar ƙarfen da kanta ta rikiɗe ta yi baƙi. Bindiga mai baki 2 da aka haɗa bututunta da dalma ba ta shiga wannan tanki, don sodar na cin dalmar, haɗin ya ɓalle. Ita sai a sa mata tsatsa da gangan, a tafasa a ruwa mai tsabta jar tsatsar ta koma baƙa, a goge da burushin waya, a sake, har launi ya zauna. Kwanaki ake ɗauka.

Wurin goge ƙarfe kafin a baƙanta shi ake gane hannu. Wanda bai ƙware ba yakan danna ƙarfe a injin goge har kusurwoyi su dakushe, rubutun masana'anta ya shafe, bakin ramin kusa ya lotsa, kuma baƙi ba ya ɓoye wannan, ƙara tona shi yake yi. Kafin ka ba wani aiki, nemi ganin wanda ya gama, ka duba kusurwa da rubutu a haske.