Zanen bango, hoto, wasan kwaikwayo ko ɗinki: a wanne za ku sa kuɗinku?

Idan ƙungiyarku ta ware kuɗi don aikin fasaha da zai fito da mutanen da ba a cika jin muryarsu ba, kamar masu buƙata ta musamman, 'yan gudun hijira ko wata ƙaramar ƙabila, tayin farko da za a kawo muku shi ne zanen bango. Ana hango shi daga nesa, ranar buɗewa kuma yana burge baƙi. Amma kafin ku sa hannu, ku tambayi mai tayin: wa zai riƙe buroshi, wa kuma zai yanke abin da za a zana? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk tsarin da ya mai da masu abin 'yan kallo, ni ba na ba ku shawarar saye, kome kyansa.

Zanen bango yana yin armashi idan an ba shi lokaci. A Los Angeles ta Amurka, Judith Baca ta fara wani a shekarar 1976 a jikin bangon magudanar ruwa, tare da matasa sama da 400, tsawonsa ya haura mita 800. Tarihin waɗanda littattafan makaranta suka tsallake aka zana: 'yan asalin ƙasar, baƙaƙen fata, 'yan asalin Meziko, da Japanawan da aka tsare lokacin yaƙin duniya na biyu. Shekaru aka kwashe ana yi. Ku lissafa abin da ba a cika faɗa ba: izinin mai bango, katakon hawa, fentin da ke jure rana da ruwa, da gyaran bangon kansa, domin bango mai danshi ɓare fenti yake yi. In babu kuɗin gyara nan gaba, fuskokin da kuka so karramawa za su koɗe a idon kowa, wannan kuwa ya fi rashin yi ciwo.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, hoto na fi so. A farkon shekarun 1990 masu bincike Caroline Wang da Mary Ann Burris suka ba matan ƙauye a lardin Yunnan na ƙasar Sin kyamara, suka ɗauki rayuwarsu da hannunsu, aka nuna wa masu mulki. Yau wayar hannu ta isa. Ku ɗauka mai keken guragu ya ɗauki hoton matakalar wani ofis daga inda yake zaune: matakala bakwai, ƙofa can sama kamar ta kan dutse. Babu baƙon mai zane da zai ga wurin haka. Kuɗin zai tafi a wanke hotuna, wurin nuni, da mai jagorantar zaman da kowa zai faɗi abin da hotonsa ke nufi, wanda shi ne zuciyar aikin. Inda ake tuntuɓe shi ne izini. Hoton da ya hau intanet ba ya dawowa, ɗan gudun hijira kuma yana iya samun dalilin ɓoye fuskarsa.

Wasan kwaikwayo ba ya cin kaya, lokaci yake ci. A tsarin da Augusto Boal na Birazil ya yaɗa, ana tsayar da wasa daidai inda ake zaluntar wani, sai ɗan kallo ya hau ya maye gurbinsa ya gwada mafita. Yana buɗe bakin da ya daɗe a rufe, sai dai ba ya barin abin da za a rataye a bango, kuma yana iya jawo fushin masu iko. A Kamiriithu ta Kenya, manoma da ma'aikata sun yi wasa da harshen Gikuyu a 1977, gwamnati ta hana, ta tsare Ngugi wa Thiong'o, ɗaya daga cikin marubutan wasan, kusan shekara guda, a 1982 aka rushe dandalin. Ku auna wa zai kwana a ciki idan ƙura ta tashi.

Ɗinki shi ne wanda ya fi saurin kawo kuɗi a hannun masu yi. Bayan juyin mulkin 1973 a Chile, matan da aka ɓatar da mazajensu da 'ya'yansu suka riƙa ɗinka labarinsu da ƙyallaye a kan buhu, wani lokaci da guntun rigar wanda ya ɓata, cocin Katolika na taimakawa a sayar a waje. Allura, zare da wurin zama sun wadatar, hira kuma tana zuwa da kanta.

Ko wanne kuka zaɓa, a rubuta a takardar yarjejeniya: nawa za a biya mahalarta, sunan wa zai fito, wa ke da aikin bayan an gama, da kason kowa idan an sayar. Ku kuma nemi mai tayin ya haɗa ku da mutanen aikinsa na baya, ku zauna da su ba ya wurin.