Kayan farautar talo-talon daji a ƙarshen Mayu: wanne za ka saya, wanne za ka bari

Wani ɗan uwanmu da bai jima da samun lasisin farauta ba a nan jihar Fensilbeniya ta Amurka ya kira ni shekaranjiya yana cikin shagon kayan farauta, wai Yaya ga abubuwa nan birjik ban san wanda zan ɗauka ba kuma saura sati biyu a rufe kakar farautar talo-talo. Na ce masa ya fito tukuna kar ya taɓa katinsa sai mun yi magana, don mai shago abin da ya rage masa tun Afrilu shi zai tura maka, alhali talo-talon ƙarshen Mayu daban yake da na farkon wata.

Abin da ke faruwa shi ne yanzu matan yawanci sun shiga kwanci, kwana 28 suke yi a kan ƙwai, to namijin sai ya rage shi kaɗai yana yawo yana nema musamman daga hantsi zuwa azahar. Wannan ya yi mana daɗi. Amma kuma wanda ya kai yanzu da rai ya sha jin kiran maharba sati biyu uku a jere, ya waye, ga ganye ya rufe daji ruf yana danne sauti, za ka ji kukansa kamar yana can bayan tudu ashe yana kusa da kai sosai. Duk abin da za ka saya ka auna shi da waɗannan abubuwa.

Abin kira shi ne babba, kuma iri uku ne mutane suka fi saya. Akwai na akwati, ɗan akwatin katako mai murfi da kake gogawa a bakinsa, irin wanda Lynch da Quaker Boy da Primos ke yi. Shi ya fi sauƙin koyo, cikin dare ɗaya za ka iya fitar da muryar mace da shi, kuma yana da ƙara, ranar da ake iska ko kana son ka gano inda namiji yake a ƙetaren kwari babu kamarsa. Matsalarsa a wannan lokaci ita ce ƙarar tasa ɗin, kowa a dajin gwamnati da shi yake ta kwarmato tun ranar buɗewa, ga shi hannu biyu yake ci, sannan in ruwa ya taɓa shi allin da ake shafa masa ya jiƙe shi ke nan ya yi shiru sai ya bushe.

Na biyu shi ne na faranti, ɗan zagayayyen abu kamar murfin gwangwani da ɗan sanda da kake zana shi a kai. Wannan ni shi nake cewa mutum ya sa kuɗinsa a ƙarshen kaka irin wannan, saboda yana iya yin ƙasa da murya har ta zama kamar raɗa, irin ƙananan sautin da mace ke yi tana kiwo hankalinta kwance ba ta neman kowa. Fuskar farantin ma iri-iri ce. Na dutsen allo ya fi taushin murya kuma ya fi yafe wa sabon hannu, sai dai danshi na kashe shi, raɓar asuba ma kaɗai ta isa. Na gilashi ya fi kaifi da ƙara kuma in ka haɗa shi da sandan roba mai tauri yana aiki ko a jiƙe, amma sai ka riƙa karce fuskarsa da samfefa in ba haka ba sandan zai yi ta zamewa. In ɗaya za ka saya ɗauki na dutse ka sa shi a leda cikin aljihu, in da hali ka ƙara sanda na biyu na wani katako daban, don faranti ɗaya da sanda biyu kamar mata biyu ne a kunnen namijin.

Bara a satin ƙarshe na zauna gindin wata itaciyar oak tun bayan na yi asuba a gefen mota, har wajen ƙarfe goma ban ji komai ba sai sauro. Na ɗan ja sandan a hankali sau uku, na sa hannu na karce busasshen ganye kamar kaza na tono, na ajiye. Ya fi minti arba'in. Bai yi kuka ko sau ɗaya ba, kawai dai na ga farin kansa ya ɓullo ta cikin ciyawa yana leƙe, gemunsa na lilo a ƙirji. Da akwati ne a hannuna a lokacin na tabbata da tuni ya juya.

Na uku na baki ne, ɗan lefen roba a cikin firam mai siffar kofaton doki da kake mannawa a ganɗa. Ya fi duka araha, kuma shi kaɗai ne ke bar maka hannuwanka biyu a kan bindiga, wanda ba ƙaramin abu ba ne don idon talo-talo ko yatsa ka motsa ya gani. Amma gaskiya ba abin sati biyu ba ne, wasu ma da sun sa shi sai ya taso musu da amai. Ka saya ɗaya mai lefe biyu ka riƙa gwadawa a mota kana tafiya aiki, ko da ƙwal ɗaya kawai ka iya yi da shi ya isa ka sa shi ya ɗaga wuya lokacin harbi. Na lantarki mai batir kuwa kar ka ko kalle shi, doka ta hana kiran talo-talo da shi a nan jihar.

Sai talo-talon roba da ake kafawa. Nan ne mutane ke zubar da kuɗi. Akwai na namiji mai buɗaɗɗen wutsiya, akwai na saurayi, akwai na mace, wasu har sun haura dala 100. A farkon kaka na namiji na jawo faɗa, amma yanzu mazan sun gaji da dambe, da yawa an doke su, suna ganinsa sai su kauce. Ga ciyawa ta yi tsawo ba ma a hango shi. In filin gona da aka yanka kake zama mace ɗaya mai araha ta wadatar, in cikin daji ne ka bar shi a shago, gara ya zo yana nemanta bai gan ta ba. Kuma don Allah wanda ya taso yana ganin maharbanmu na gida suna ɗaura kan burtu suna rarrafe su kusanci nama, kar ya ce zai gwada irinsa a nan da wutsiyar talo-talo. A Fensilbeniya kira kawai doka ta yarda da shi a wannan kaka, ba a bin sawu a sanɗa, kuma akwai wani maharbin a bayan wata bishiya da ba ka gani ba. Saboda shi ɗin ne ma ba a sa ja ko fari ko shuɗi, launin kan namijin ke nan.

Bindiga in kana da ita kar ka sake wata. In babu, Mossberg 500 ko Remington 870 sun ishi kowa, ana bambanta bindigogin da lambar faɗin bakinsu, lamba 12 mai faɗin baki ta fi dukan kafaɗa da nauyi, lamba 20 ta fi daɗin ɗauka in za ka wuni kana hawa tudu. Harsashi ne ke da magana. Na dalma irin Winchester Long Beard XR mai ƙwaya lamba 5 yana aikinsa lafiya lau a lamba 12 zuwa yadi 40. Na TSS da ƙarfen tungsten ake yinsa, nauyinsa giram 18 a inda dalma mai girma daidai da shi ke da 11 da ɗoriya, shi ya sa ƙananan ƙwayoyi lamba 9 ke ratsawa kuma suna da yawa a cikin harsashi ɗaya, amma ɗaya tak na iya cin dala 10 ko fiye. Mai lamba 20 ko ƙaramar .410 shi ya kamata ya biya wannan kuɗi. Mai lamba 12 a dajin da ganye bai barinka ka ga yadi 30 ma ban ga dalili ba. Kowanne ka saya ka je ka harba a takarda tukuna ka ga inda yake zuba, raunata tsuntsu ya gudu ya mutu a banza abu ne da ke damuna ƙwarai.

Abin da na fi nanata wa ɗan uwan nan shi ne kuɗin da ya rage daga roba da TSS ya kai su wurin zama da maganin ƙwari. Matashi mai kauri ko 'yar gajeriyar kujera, don wanda ƙafarsa ta yi sanyi bayan minti ashirin dole ya motsa. Kaska kuwa a Mayu ba wasa, ita ke ɗauke da cutar Lyme kuma jihar nan na cikin inda ta fi yawa. Feshin permethrin na Sawyer a kan kaya ake yinsa ba a fata ba, ka bari ya bushe sarai, yana kai sati shida ko wanki shida, mai kyanwa a gida ya nisanta ta da shi kafin ya bushe. Thermacell, 'yar na'urar da ke turara magani, na korar sauro in ba iska, amma ba ya komai a kan kaska, don haka in ɗaya ne feshin ne gaba.

Lokaci ma ka duba littafin dokar jiharka kafin ka tsara kaya. Mu nan rabin farko na kakar farautar ƙarfe 12 na rana ake tashi, rabin ƙarshe kuma har yamma ake yi, to ka tanadi ruwa da abin tsugunno da sallaya mara haske. A jihar Niyok kuwa daga 1 zuwa 31 ga Mayu ne kuma kullum 12 na rana an gama. Mai gemu kaɗai ake harbi.

Wuƙa mai kaifi kar ta bar aljihunka. Ka yi bisimilla lokacin da za ka danna kunama, in ka iso ka same shi da sauran rai ka taka ƙafafunsa saboda ƙayar da ke bayansu tana yanka, ka yanka shi nan take, sannan ka cike takardar shaidar da ke zuwa da lasisinka ka ɗaura masa kafin ka ɗaga shi daga wurin. Zafin ƙarshen Mayu ba ya jira, ka ajiye akwatin sanyaya nama da ƙanƙara a bayan mota.