Hattara da masu kwamfutar "gano ciwo" da ke yawo a Sakkwato

Jama'a, abin da ya sami yayata ne ya sa na rubuta wannan, ga shi kuma na ji mutanen sun sake kama shago a wata unguwa. Kama sunansu ba shi da amfani, don duk inda suka sauka sabon suna ne da sabon allo. Abin da ba ya canzawa shi ne kayan aikin: ɗan akwati haɗe da kwamfuta, da wani guntun ƙarfe da ake miƙo maka ka damƙe a hannu.

Yaya ta fi shekara 2 tana fama. Jiri, faɗuwar gaba, kasala, zafin tafin ƙafa da dare, wani lokaci ta ce kamar kiyashi ke yawo a cikin kanta. An ɗebi jini ba sau ɗaya ba, an auna sukari da hawan jini, an yi hoton ciki, an yi gwajin zuciya. Kullum amsa guda ce: lafiya lau. Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba ba zai san ɗacin kalmar nan ba. Ka yi sammako, ka bi layi, ka kashe kuɗi, a ce ba a ga komai ba, ka kwaso ciwonka ku dawo gida tare. A gida kuma kowa ya zama likita. Gwaggo ta ce sammu ne, wata ta ce iska, wani ya ce raki ne kawai. Wata rana Yaya ta dube ni ta ce: "Ni dai a hwaɗa mani sunan ciwon ga, in san da abin da nika hwama."

To, wannan ƙishin ne mutanen nan ke ci da shi. Sunan ciwo suke fara sayar maka, magani daga baya yake biyowa.

Maƙwabciyarta ce ta turo mata saƙon murya ta WhatsApp, wai ƙwararru sun zo da kwamfuta mai ganin duk cikin mutum, ba allura ba ɗibar jini. Ni na raka ta, don haka da nawa laifin a ciki. Mun tarar da saurayi da farar riga, ga abin sauraren ƙirji rataye a wuya, wanda har muka fito bai taɓa shi ba. Ya yi ta janta da hira, yana tambayar abin da ke damunta, sannan ya rubuta shekarunta da tsawonta da nauyinta a kwamfuta. Ta riƙe ƙarfen kamar minti 1. Sai ga shafuka sun fito, ja da ɗorawa da kore. Ya girgiza kai ya ce: "Hajiya, Allah ya so ki da kinka zo yau. Hantarki ta gaji, akwai datti ga ƙodarki, jininki ya yi kauri, ga sanyi ya kai har ga ƙashi. Asibiti ba su gani, na'urarsu tsohuwa ta."

Yaya ta fashe da kuka, kuma wallahi kukan daɗi ne. Shekara 2 ba wanda ya gaskata ta sai shi.

Awo naira 5,000. Magani naira 78,000, wai an yi mata ragi don yau ce ranar ƙarshe. Kuɗin adashinta ta kwasa. Aka ba ta robobin ƙwayoyi masu rubutun Turanci, da wani baƙin ruwa a gora wadda babu ko takarda a jikinta.

Satin farko har ni na yi murna. Ta ci abinci, ciwon jiki ya lafa, tana ta shi wa yaron albarka. Bayan kamar wata 2 fuskarta ta yi zagaye, ta kumbura, ga yawan fitsari da ƙishirwa. Da aka auna, sukarin da a baya yake daidai ya hau. Likitan da ya duba ta ya ce alamun sun yi kama da na wanda ya daɗe yana shan magani irin su dexamethasone, wanda wasu ke niƙawa su zuba a maganin gargajiya don mutum ya ji sauƙi nan take ya dawo ya ƙara saya. Ya ja mana kunne sosai kan abu ɗaya, kuma ku riƙe shi: wanda ya daɗe yana shan irin wannan ba ya yankewa rana ɗaya, don hakan ma haɗari ne, sai likita ya riƙa rage masa sannu a hankali. In kuna da mai shan irin ruwan nan, ku ɗauki gorar ku tafi da shi asibiti tukuna.

Ni kuma abin ya tsaya mini a rai, sai na koma da kaina, ranar da wani yaron daban ke kan kwamfutar. Lafiyata ƙalau, amma na ƙara wa kaina shekara 15, na ce ina ciwon baya. Kwamfuta ta ce ƙashina ya zaizaye kuma ƙodata na neman lalacewa. Sunan da ke jikin akwatin shi ne Quantum Resonance Magnetic Analyzer, kuma kowa na iya sayensa ta intanet. Lafiyar hanta da ƙoda a jini da fitsari ake aunata, a ɗakin gwaji. Damƙar ƙarfe ba ta nuna ko ɗaya.

Za su nuna maka lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikin roba su ce gwamnati ta yarda da su. A duba da kyau. Lambar maganin gargajiya da ke ƙarewa da harafin L ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka ce, shi ya sa ake rubuta a jikinsa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Farar riga kuwa ko tela na Tsohuwar Kasuwa zai ɗinka maka. Likitan gaske yana da lasisin MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, kuma ba ya jin haushi don an tambaye shi.

Ga 'yan'uwana masu irin halin Yaya: gwaji ya fito lafiya ba yana nufin ƙarya kuke yi ba. Akwai ciwuka da likitoci suka sani sarai waɗanda ba sa fitowa a awon jini, kamar ciwon ɓarin kai, da rikicewar hanji mai kawo kumburi da murɗa, da ciwon jiki mai yawo, da fargaba mai sa zuciya bugawa har mutum ya ɗauka mutuwa ce ta zo. Daga bayanin mara lafiya ake gane su, shi ya sa yawon asibiti-asibiti ke cutarwa, don kowa daga farko yake farawa. Yaya yanzu kati ɗaya take da shi, likita ɗaya take gani, tana da ɗan littafi da take rubuta ranar da abin ya tashi, me ta ci, yaya ta yi barci. A nan muka lura jirin ya fi tsananta a watannin bazara, lokacin da zafin garin nan ke haura maki 40, ita kuwa ba mai shan ruwa ba ce. Likitan ya ce in aka ga rama ba dalili, ko jini a bayan gida, ko zazzaɓi da gumin dare da suka ƙi tafiya, ko ƙullutu, ko mutuwar ɓarin jiki, kada a jira ranar da ya ba ta, a dawo nan take.

Da ya kawo maganar ganin likitan damuwa, sai da muka yi rigima. A Sakkwato da ka ce Kware, inda asibitin masu taɓin hankali yake, an gama fassara ka. Ta ce ita ba mahaukaciya ba ce. Da ƙyar ta yarda, kuma faɗuwar gaban ta ragu ƙwarai, ko da yake zafin ƙafar na nan, wata rana da sauƙi wata rana babu. Addu'arta ba ta fasa ba, ba kuma wanda ya ce ta fasa.

Shagon da muka je an rufe, mai ɗakin ma yana bin su kuɗin haya, lambar wayarsu ba ta shiga. Sauran baƙin ruwan yana hannuna, ranar Litinin in Allah ya kai mu zan kai shi ofishin NAFDAC na nan Sakkwato tare da robobin da takardun kwamfutar.